Gida Na Bakwai a Takardar Mista Otha

A gabashin garin Macon ba wanda bai san Mista Otha ba, amma da za ka tsayar da mutum goma ka tambaye su sunansa na biyu, ko biyu ba za su faɗa maka ba. Ni ma sai daga baya na sani. Shekara talatin da uku ya yi yana raba wasiƙu a ƙafa, jaka rataye a kafaɗa, har kafaɗar dama ta sauka ƙasa da ta hagu, ba ta kuma koma daidai ba. Kare ya cije shi sau tara, kuma yana iya faɗa maka layi da lambar gidan kowane kare. Dogo ne siriri, baƙi wuluk, ba ya fita sai da hular malafa da takalmi baƙi mai kaurin ƙasa, irin wanda gidan waya ke ba ma'aikatansa. Matarsa Earline ta rasu shekara biyu bayan ya yi ritaya. Ba su haihu ba.

Da bankuna suka fara ƙwace gidajen mutane a 2008, sai 'yan cocinsu suka riƙa tare shi bayan sujada. Wannan ya ce, Mista Otha, gidan nan na layi kaza da za a yi gwanjonsa, yaya yake? Wancan ya ce, an ce mini akwai wani bayan makaranta, da mutane a ciki? Shi kuwa ba barandar da bai taka ba a unguwannin nan. Tun yana amsawa da baki har ya koma rubutawa. Haka takardar Mista Otha ta samo asali, ba shago, ba allon talla, ba lambar waya.

Ni sunana Luretha, wanki nake yi a asibiti, zanen gado da tawul tun safe har ƙarfe uku. Mijina Roscoe ya faɗi a wurin aikinsa na gyaran taya ranar wata Laraba, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Wata shida bayan nan na dawo daga aiki na tarar da kayana a bakin titi. Gidan haya muke, ban taɓa fashin biya ba ko sau ɗaya, ashe mai gidan yana karɓar kuɗina yana ci, ba ya biyan banki. Takardun da aka riƙa aikowa duk da sunansa suke, ni kuwa ba na buɗe wasiƙar da ba tawa ba. Na tsaya ina kallon katifata jingine da sandar lantarki, da kujerar Roscoe, da tukwanena a cikin kwandon wanki. Ban yi kuka ba. A jana'izar ma ban yi ba, har matan coci suna ta satar kallona. Tun daga ranar nake jin komai daga nesa, abinci ba ɗanɗano, magana kuwa sai an maimaita mini.

Na koma gidan yayata Glendora, ina kwana a doguwar kujerar falo. Abin da Roscoe ya bar mini shi ne kuɗin inshorarsa, dala dubu talatin da huɗu. Na ce da su zan sayi gida, ko da akurki ne, in dai ba wanda zai sake fitar mini da katifa waje. Da irin wannan kuɗi kuwa ba gidan da zan samu sai na gwanjo.

Intanet na fara shiga, kamar kowa. Wani shafi ya ce in biya dala talatin da tara duk wata, zai ba ni jerin gidajen da banki ya ƙwace tun kafin kowa ya ji. Na biya. Gida na farko da na je gani, an sayar da shi tun bara, har sabbin masu shi sun yi fenti sun kafa wa yara lilo. Na biyu ya ƙone, sai matakalar siminti uku da ba sa kai mutum ko'ina. Na uku kuwa a hoto ga shi tsaf da furanni, da na je sai na tarar da fili da tsohon firji a tsakiya. Na koma wani shafin, na tarar hotunan nan ne dai, farashin kawai aka canja. Wata huɗu ina wannan wauta.

Ranar nan Yaya Glendora ta leƙo ta kan kafaɗata ta ga abin da nake yi.

"Ke Luretha, 'yan damfara kike ciyarwa da kuɗin mamaci? Tashi ki je wajen Mista Otha."

"Wane Mista Otha?"

"Mai wasiƙa mana. Wanda ya taɓa kamo ki kin ɓata kina 'yar shekara biyar, ya dawo da ke gida kina ta majina. Ranar Juma'a yana laburare."

Ranar Juma'a jaridar gunduma ke fitowa, wadda doka ta ce sai an buga sanarwar kowane gida a cikinta mako huɗu a jere kafin a yi gwanjonsa. Ba mai karanta ta, rubutun ƙanana ne ainun, kuma yaren lauyoyi ne zalla. Na same shi a teburin kusa da taga, jaridar a baje, madubin ƙara girman rubutu a hannu, biro ja da shuɗi da fensir a jere a gabansa. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"'Yar wa ce ke?"

Na faɗa masa.

"Layin Dorsey, lamba sha huɗu. Akwatin wasiƙunku ba shi da murfi, shekara shida ina wa babanki magana. Babarki kuwa duk bazara sai ta miƙo mini shayi mai ƙanƙara. Zauna, 'yata. Nawa suka ci miki a intanet?"

Na faɗa masa wannan ma. Bai yi dariya ba, ya dai girgiza kai ya turo mini takardar wancan watan.

Shafi biyu ce, rubutun hannu, ya buga kwafi a injin laburare. Dala biyar yake karɓa, kuɗin injin da na bas, wanda ba shi da ita kuma ya ba shi haka nan. Ga yadda yake aikinsa. Juma'a ya tsamo gidajen daga jarida. Litinin da Talata ya yini a ofishin rajistar filaye da ke ƙasan ginin kotu, yana bin kowane gida yana duba bashi nawa ne a kansa, kuma wane ne za a yi gwanjo a kai. Domin akwai gidan da aka jinginar sau biyu. In mai bashi na biyu ne ya kawo shi gwanjo, za ka ga farashi kamar kyauta, ka saya kana murna, wata uku mai bashi na farko ya zo ya ƙwace, kai kuma ka tashi a tutar babu. Wani dattijon cocinsu haka ya yi asarar dala dubu tara, ya ƙi jin magana, yanzu ko gaisawa ba sa yi don kunya. Irin waɗannan gidaje Mista Otha yakan ja musu jan layi, ko kallonsu kada ka yi.

Sauran kwanakin kuwa tafiya yake. Ba a barin kowa ya shiga gidan gwanjo kafin ya saya, a rufe ake sayensa, don haka komai daga waje ake karantawa. Yakan zagaya ta baya ya ga ko ɓarayi sun kwance bututun jan ƙarfe. Yakan tsaya a titi ya daɗe yana kallon rufi. Ranar kwasar shara kuma yakan je da sassafe, domin a cewarsa labule yana ƙarya, fitila ma tana ƙarya, amma wanda ke cikin gida sai ya fitar da shararsa. Abin da ya gani sai ya rubuta da fensir a ƙarƙashin adireshin, gajere, ba ƙari ba ragi. Suna ne kawai ba ya rubutawa. Na tambaye shi dalili, ya ce gidan ake sayarwa, ba mutanen ba.

Tun a ranar na gaya masa sharaɗina.

"Mista Otha, gidan da ba kowa nake so. Ba zan fitar da katifar kowa titi ba. An yi mini, na san yadda take."

"Na ji."

"Da gaske nake. Ko kyauta ne, in da mutum a ciki, kada ka nuna mini."

"Na ce na ji, ai ba kurma ba ne ni." Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. "Amma ki sani, gidan da kika gani ba kowa, da mutum a cikinsa jiya. Wani ne dai ya riga ki fitar da shi."

Na ji haushin maganar. Shi kuwa ya ci gaba, ya ce akwai abin da yake dubawa don kansa, ba don takarda ba. Akwatin wasiƙa. Duk wanda zai tashi daga gida, in yana da wurin zuwa, yakan cika ɗan kati a gidan waya, a riƙa juya masa wasiƙunsa can. Irin wannan gida za ka tarar da akwatinsa wayam. In kuwa ka ga wasiƙu sun cika akwati har suna zubowa, to masu gidan ba su cika katin ba, kuma ba mantuwa ba ce. Ba su da adireshin da za su rubuta ne, suna cikin mota ko ƙarƙashin gada ko ɗakin kwanan marasa gida. Ya ce a shekarunsa na aiki wannan ne abin da ya fi ƙi, ya zo da wasiƙa ya tarar ta jiya tana nan, ta shekaranjiya ma tana nan.

Wata goma sha huɗu muka yi a haka. Talatar farko ta kowane wata ake gwanjo, a kan matakalar kotu, daga goman safe zuwa huɗu na yamma, ko ana ruwa ko ana rana. Nakan ɗauki hutu, in je banki in mayar da kuɗina cek, in tsaya. Lauyoyin bankuna su zo su tsaya nan da can, kowa yana karanta tasa takardar da sauri ƙasa-ƙasa, wani lokaci uku a tare, in ba ka san wanda za ka matsa kusa da shi ba har a sayar da gidan ba ka sani ba. Ga kuma yaran kamfanoni daga Atlanta, da waya maƙale a kunne da jaka cike da cek. Duk gidan da ya yi kyau sai su ɗaga shi sama da ƙarfina cikin numfashi biyu, ko kallon inda nake ba sa yi. Wanda suka bari kuwa, fensirin Mista Otha ya riga ya gaya mini dalili: an kwashe wayoyin wuta, ko katakon daɓe ya ruɓe, ko gara ta gama da shi. Shi yana can jikin ginshiƙin hagu da takardarsa, duk gidan da aka sayar ya rubuta farashin a gefe. In wanda ya saya nasa ne, sai ya je ya ba shi hannu ya ce, Allah ya sa a zauna lafiya. Da yamma in mayar da cek ɗina banki, in koma kujerar falo. Ban ji ciwo ba, ban kuma ji wani abu ba, na dai riƙa zuwa.

Wata rana bayan gwanjo na saya masa soyayyen kifi da burodin masara a rumfar da ke bayan kotu, shi ne ya ɗan ba ni labarinsa. Ya ce a ƙauye aka haife shi, cikin gonar auduga, yana ɗan shekara tara yake karanta wa tsofaffi wasiƙun 'ya'yansu da suka tafi arewa aiki. Ya yi soja, ya dawo, ya shiga gidan waya a lokacin da baƙar fata ba ya wuce ɗaukar buhu a bayan gini. Earline kuwa a bakin akwatin wasiƙa ya same ta. Kullum sai ta aika wa kanta katin gaisuwa don ya tsaya a ƙofarsu, har babanta ya gane ya ce ko dai su yi aure ko ta daina ɓarnar kan sarki. Ya ce shekara uku ta yi tana jinya. Daga nan ya koma kan kifinsa, ni ma ban tona ba.

A watan Fabrairu Yaya Glendora ta zaunar da ni. Surukarta ta samu shanyewar ɓarin jiki, za a dawo da ita gidan, kuma gadon asibiti za a kafa a falo, daidai inda kujerata take.

"Ba korarki nake ba, Luretha. Allah ya sani."

"Na sani, Yaya."

"Ƙarshen Maris. Mijina Hosea ya so ya ce ƙarshen wannan watan, na ce sai dai ya bi ta kaina."

Na ce ba komai. Gwanjo ɗaya ya rage mini ke nan, na Maris. In ya wuce, sai haya, kuma na san in na fara taɓa kuɗin Roscoe a haya, shi ke nan ni da gida har abada.

Ranar Juma'a na je laburare. Ya miƙo mini takardar, ya ɗora yatsa a kan na bakwai. Layin Tillery, can ƙarshen gari inda kwalta ta ƙare. Na karanta fensirin. Ɗaki biyu da falo. Bashi ɗaya ne a kansa, haraji a biye. Bututu da wayoyi duk suna nan. Rufi yana yoyo ta bayan kicin, ƙusa ce ta ɗaga, aikin yini ɗaya. Tukunyar ruwan zafi tsohuwa ce amma tana aiki. Akwai ɓaure a baya. Ban taɓa ganin ya yi dogon rubutu haka a kan gida ba. Sai layin ƙarshe: Mutum ɗaya a ciki. Zai fita ba rigima.

Na ture takardar.

"Me na gaya maka tun ranar farko?"

"Na tuna."

"To me ye wannan? Don ka ga ina cikin matsi shi ne za ka mayar da ni irin yaran Atlanta?"

"Rage murya, laburare ne nan. Ban ce ki saya ba. Alhamis ake kwasar shara a layin. Ki je ki gani da idonki kafin ki tafi aiki, in bai yi miki ba ki yaga takardar."

Na fita ko sallama ban yi masa ba. Na rantse ba zan je ba. Amma Alhamis ƙarfe bakwai saura kwata ina layin Tillery, na faka motata nesa kaɗan. Ƙaramin gida ne fari, ciyawa a yanke, akwatin wasiƙa a bakin hanya an yi masa sabon fenti, lambar a rubuce manya-manya yadda makaho ma zai gani. Ina nan zaune sai ƙofar gefe ta buɗe. Wani tsoho ya fito yana jan durom ɗin shara, da malafa, kafaɗar dama ƙasa da ta hagu. Ya kai shi bakin titi, ya juya shi hannun yana kallon gida yadda masu kwasa ke so, sannan ya ɗago ya dubi motata ya yafito ni.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka kafin in fito ba. Da na ƙaraso ya ce, "Kin makara, na ce miki da sassafe ake zuwa."

"Gidanka ne."

"Na Earline ne, na babanta. Mun jinginar da shi lokacin jinyarta. Ruwan bashin ya fara ƙarami, shekara biyu ya ninka. Na yi ta biya har inda ƙarfina ya kai." Ya faɗe shi ne yadda yake faɗin yoyon rufi. "Ina zaune a laburare na ci karo da shi a shafi na sha ɗaya. Na karanta har ƙarshe kafin in gane lambar."

"Shi ne ka sa shi a takarda."

"To in cire shi? Duk gidan da ke jarida yana takardata. In na fara ɓoye wanda ya shafe ni, me ya raba ni da mutanenki na intanet?"

Na ce akwai lauyoyin taimakon talakawa, ya ce ya je. Na ce coci fa, ya ce cocin da rabin mutanenta ke cikin jaridar nan? Na ce to ni dai ba zan saya ba, ya nemi wani.

"Saurara, Luretha." Bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. "Ranar Talata za a sayar da gidan nan, ko kin zo ko ba ki zo ba. In yaran nan suka saya, za su sare ɓauren Earline don ya fi sauƙin yankan ciyawa, su shafa fenti, su zuba 'yan haya. Ke kuma ki ƙare a ɗakin haya kina wanke hannunki kina cewa ba ki fitar da kowa ba. Wa hakan ya amfana?"

"To ka zauna a ɗakin baya. In na saya, ka zauna."

"Ki saya tukuna." Ya dubi agogo. "Lauyan bankin nan ba ya zuwa sai bayan uku, daga wata gunduma yake tasowa. Kafin nan yaran sun ƙarar da cek ɗinsu sun tafi cin abinci. Ki tsaya kusa da ginshiƙin dama, can yake karatu, kuma muryarsa ba ta fita. Tafi aiki, za su yanke miki awa."

Ranar Talata aka tashi da yayyafi. Na tsaya tun goma. Duk yadda ya faɗa haka aka yi. Uku da rabi wani ɗan gajeren lauya ya hauro da lema, ya tsaya jikin ginshiƙin dama ya fara gunguni. Yaron kamfani ɗaya ne ya rage, yana hamma. Banki ya buɗe da dubu ashirin da bakwai. Na ƙara, yaron ya ƙara, na ƙara. Ya yi magana a wayarsa, na ji yana cewa da mutum a ciki, kuma ƙarshen gari ne. Ya ɗaga kafaɗa ya juya. Lauyan ya ƙirga uku, ya ce an sayar, ya miƙo hannu in ba shi cek. Na sa hannu a inda ya nuna, kamar ina karɓar buhun wanki.

Mista Otha yana jikin ginshiƙin hagu, ruwa na ɗiga daga malafarsa. Na ga ya kare takardar da hannu ya rubuta farashin a gefen na bakwai. Sannan ya tako ya ba ni hannu.

"Allah ya sa a zauna lafiya."

"Mista Otha, maganar ɗakin baya."

"Gobe in kin tashi aiki ki zo mu yi magana. Yau na gaji."

Na yarda. Wannan ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Mutumin da na yi wata goma sha huɗu ina karanta fensirinsa, na san bai taɓa rubuta abin da ba haka ba, kuma da idona na karanta layin ƙarshen nan.

Washegari ƙarfe uku da rabi na isa. Tun daga nesa na hango 'yar jar tutar akwatin a ɗage, alamar akwai saƙon da za a ɗauka. Na buɗe. Mukullai uku a zare ɗaya, da takarda ninke. Ya rubuta yadda ake kunna tukunyar ruwan zafi in ta mutu, da sunan mai gyaran rufin da ba ya cuta, da cewa a lulluɓe gindin ɓauren in sanyi ya yi tsanani, kuma tsuntsaye suna riga mutum in bai tsinka da safe ba. Shi ke nan. Na shiga. An share ko'ina, an goge, har cikin firji. Ya bar teburin kicin da kujera biyu da gado a ɗakin gaba, da sabon zane a kai a cikin ledarsa. Ɗakin baya ba komai. Na zauna a kujerar kicin har rana ta yi sanyi, ban cire ko jakata daga kafaɗa ba.

Juma'a na je laburare, teburin taga ba kowa, jaridar tana nan a ninke ba a buɗe ba. Na je cocinsu, suka ce ai sun ɗauka yana wajena. Wani ya ce kamar yana da ɗan ƙane a Alabama, wani ya ce wannan ya daɗe da mutuwa. Na zagaya ɗakunan kwanan marasa gida guda biyu, da tashar bas, da asibitin tsofaffin sojoji, ba wanda ya ga dogon tsoho mai malafa. Talatar farko ta Afrilu na ɗauki hutu na je matakalar kotu, ba ni da abin saya. Mutane uku suka tare ni suna tambaya ina za su samu takardar wannan watan.

Na tare a gidan kafin ƙarshen Maris. An gyara rufin, yini ɗaya, ƙusa ce kuwa. Yaya Glendora ta zo ta zagaya ta ce Allah ya yi mini, na ce haka ne. Ina kwana a gado yanzu. Na sa katifa a ɗakin baya, na shimfiɗa zane, ban san me ya sa ba.

Kwana huɗu da tarewata na buɗe akwati na tarar da wasiƙa. Mista Otha Pettiford, a nan na fara ganin sunan. Na ce ai katin juya wasiƙa yakan ɗauki kwanaki kafin ya fara aiki. Mako na gaba biyu suka zo, ɗaya daga ofishin fansho, ɗaya daga likitan ido. Na jira mako uku, sannan wata Asabar na tsaya a bakin hanya har motar gidan waya ta iso. Wata yarinya ce ke raba wa layinmu, mai kitso da yawan fara'a. Na tambaye ta ko tsohon da ke gidan nan ya cika katin juya wasiƙa. Ta ce ba a yarda su faɗi adireshin kowa ba. Na ce ba adireshi na tambaya ba, kati na tambaya.

Ta duba 'yar na'urarta, ta duba akwatin da ke gefenta.

"Babu, Anti. Da ya cika, da ba su zo nan ba. In kina so ki rubuta a kai cewa ba ya nan, in mayar da su."

Na ce a'a, ta bar su.

Ɓauren ya yi 'ya'ya a watan Yuli, tsuntsaye suka riga ni rabinsu. Wasiƙun suna zuwa har yanzu, biyu ko uku a mako. Ba na buɗewa, ba tawa ba ce. Ina jera su a kwandon burodi a kan teburin kicin, ta farko a ƙasa. Kullum da na dawo daga aiki nake kwashe akwatin, ko da ruwa ake, don kada ta jiya ta kwana a ciki.